John McLendon

John B. McLendon Jr. (an haife shi ranar 5 ga watan Afrilu, 1915, ya rasu ranar 8 ga watan Oktoba, 1999) ɗan ƙasar Amurka ne, mai horar da 'yan wasan ƙwallon kwando, kuma malami. Ya fara aiki a matsayin mataimakin koci a wata kwalejin baƙaƙen fata da ke garin Durham a jihar North Carolina, daga nan ya zama babban koci a kwalejoji biyar da ƙungiyoyin ƙwararru biyu. Shi ne koci na farko a tarihin ƙwallon kwandon kwalejojin Amurka da ya ci kofin ƙasa sau uku a jere, a shekarun 1957, 1958 da 1959, tare da ƙungiyar Tennessee A&I. Yana kuma cikin baƙaƙen fata na farko da suka jagoranci ƙungiya a gasar ƙwararru wadda farare da baƙaƙe ke bugawa tare, sannan shi ne baƙar fata na farko da ya zama babban kocin ƙwallon kwando a jami'ar da mafi yawan ɗalibanta farare ne.

McLendon ya koyi wasan a hannun James Naismith, mutumin da ya ƙirƙiro ƙwallon kwando a shekarar 1891. Duk da haka bai taɓa buga wa jami'arsa wasa ko sau ɗaya ba, domin a zamaninsa ba a ɗaukar baƙar fata a ƙungiyar jami'ar. Ana danganta masa yaɗuwar salon wasa mai sauri wanda ake gani a yau, kuma ana tuna shi da rawar da ya taka wajen karya shingen wariyar launin fata a wasannin makarantu.

Farkon rayuwa

An haifi McLendon a garin Hiawatha da ke jihar Kansas. Mahaifinsa baƙar fata ne, mahaifiyarsa kuma tana da jinin ƙabilar Delaware, ɗaya daga cikin ƙabilun asalin mazauna Amurka. Yana da shekara uku mahaifiyarsa ta rasu a annobar mura ta 1918, wadda ta hallaka miliyoyin mutane a duniya. Rasuwar ta sa aka rarraba yaran gidan ga dangi. An kai shi da ƙanensa wajen kakanninsu a wata gonar kiwo a jihar Colorado, 'yan'uwansa mata biyu kuma aka kai su wasu jihohin. Ƙanwarsa ɗaya sai bayan shekara 45 ya sake saka ta a ido.

Da mahaifinsa ya sake aure, iyalin suka haɗu suka zauna a birnin Kansas City na jihar Kansas. A nan ya yi firamare a makarantar Dunbar. Wata rana aka kai su ziyara wata sabuwar ƙaramar sakandare, inda ya fara ganin filin ƙwallon kwando na cikin ɗaki, kuma tun daga ranar ya ƙudurta cewa a wannan wasa zai yi rayuwarsa. Ya ci gaba da karatu a sakandaren Sumner, makarantar da aka ware wa 'ya'yan baƙaƙen fata a birnin.

Wasa da karatu

Tarihin McLendon na buga wasa gajere ne ƙwarai. A sakandaren Sumner ya yi ta neman shiga ƙungiyar ƙwallon kwando bai samu ba. Sai ya yi fice a wasan motsa jiki na tsalle-tsalle da alkafura, ya kuma zama mai kula da kayan ƙungiyar ƙwallon kwandon, abin da ya ba shi damar zama kusa da koci yana lura da yadda ake atisaye. Bayan sakandare ya yi shekara ɗaya a ƙaramar kwalejin Kansas City, inda a ƙarshe ya samu gurbi a ƙungiya. Ba a ci ƙungiyar ko sau ɗaya ba a wannan kakar, amma shi ba a cika saka shi a fili ba.

A shekarar 1933 ya koma Jami'ar Kansas da ke garin Lawrence don karanta ilimin motsa jiki. Naismith yana koyarwa a jami'ar tun 1898, kuma a lokacin ya haura shekara 70. Ya karɓi McLendon ya zama mai ba shi shawara kan karatu. Ƙungiyar ƙwallon kwandon jami'ar, wadda Phog Allen ke horarwa, ta farare ce zalla, kuma ba ta ɗauki baƙar fata ba sai a 1951, lokacin da LaVannes Squires ya shiga. Saboda haka abin da McLendon ya samu a Kansas ilimin wasan ne a aji da kuma hira da Naismith.

Babban darasin da ya ɗauka daga malamin nasa shi ne cewa wasan na faɗin fili ne gaba ɗaya. Naismith ya kan nuna masa yadda ƙananan yara ke bin ƙwallo duk inda ta nufa, ba sa jiran abokin hamayya ya iso bakin kwandonsu kafin su tare shi, kuma da zarar sun ƙwace ta sai su ruga su jefa. A ganin Naismith haka ya kamata manya su buga. A wancan zamani yawancin ƙungiyoyi a hankali suke tafiya da ƙwallo, kuma maki kaɗan ake ci a wasa.

A jami'ar ne McLendon ya fara karawa da wariya. Iyo yana cikin darussan dole ga mai neman digirin da yake karantawa, amma ba a barin baƙaƙe su shiga kududdufin iyo na jami'ar, sai dai a rubuta musu sun ci darasin ba tare da sun taɓa ruwa ba. McLendon ya ƙi yarda da haka, ya shiga ruwan. Da ya fito aka zubar da ruwan aka sake wani. Bayan an kai ruwa rana, hukumar wasanni ta amince a buɗe wa kowa kududdufin na ɗan lokaci don gwaji, bisa sharaɗin idan aka samu rikici za a koma tsarin da. McLendon ya roƙi 'yan'uwansa ɗalibai baƙaƙe su ƙaurace wa wurin har wa'adin ya cika. Da wa'adin ya ƙare babu wani rikici da za a kafa hujja da shi, sai aka bar kududdufin a buɗe. Irin wannan dabara ta bin doka sau da ƙafa har a kai ga biyan buƙata ita ya riƙa amfani da ita a sauran rayuwarsa.

Tun yana ɗalibi ya fara horar da ƙungiyar 'yan sakandare baƙaƙen fata a Lawrence. Ya kammala a 1936, shi ne baƙar fata na farko da ya samu digiri a fannin ilimin motsa jiki a Jami'ar Kansas. A 1937 ya samu digiri na biyu a Jami'ar Iowa.

Mataimakin koci da babban koci a Durham

A shekarar 1937 McLendon ya kama aiki a Kwalejin North Carolina ta Baƙaƙen Fata da ke Durham, wadda James E. Shepard ya kafa, kuma a yau ake kira Jami'ar North Carolina Central. Ya shiga a matsayin mataimakin koci William Burghardt, yana kuma koyar da ilimin motsa jiki. A ƙananan kwalejoji irin wannan, mataimakin koci shi ne mai gudanar da yawancin atisaye, mai lura da karatun 'yan wasa, mai zuwa kallon abokan hamayya, sau da yawa kuma mai shirya tafiye-tafiye. Shekara uku ya yi a wannan matsayi, kuma a cikinsu ya samu damar gwada tunanin da ya taho da shi daga wajen Naismith. A 1940 aka ba shi ƙungiyar, mai laƙabin Eagles, yana da shekara 25.

Ya riƙe ƙungiyar har zuwa 1952, ya ci kofuna da dama a CIAA, wato ƙungiyar wasannin kwalejojin baƙaƙen fata ta gabashin Amurka. Ƙungiyarsa ta yi suna da yawan cin maki. A 1943 ɗan wasansa Rocky Roberson ya ci maki 58 shi kaɗai a wasa ɗaya da Jami'ar Shaw. A 1946 McLendon da wasu koci uku, Talmadge Hill da John Burr da Harry Jefferson, suka haɗa kuɗin aljihunsu suka kama zauren Turner's Arena a birnin Washington, suka shirya gasar ƙarshen kaka ta CIAA ta farko. Ƙungiyar McLendon ce ta ɗauki kofin bayan ta doke Virginia Union. Gasar tana nan har yau, kuma tana cikin manyan tarukan shekara-shekara na kwalejojin baƙaƙen fata.

Daga cikin ɗalibansa na Durham akwai Harold Hunter, wanda a watan Afrilun 1950 ya zama baƙar fata na farko da ya sa hannu a kwantiragi da wata ƙungiyar NBA, wato Washington Capitols, ko da yake an sallame shi kafin a fara kaka. McLendon ya taimaka wajen shirya gwajin da ƙungiyar ta yi wa Hunter da Earl Lloyd, kuma Lloyd ne baƙar fata na farko da ya buga wasan NBA, ranar 31 ga Oktoba, 1950. McLendon ne kuma ya kawo Sam Jones kwalejin, wanda daga baya ya ci kofin NBA sau 10 da Boston Celtics.

Wasan sirri na 1944

A jihohin kudancin Amurka na wancan lokaci, dokokin da ake kira Jim Crow sun raba farare da baƙaƙe a makarantu, motocin haya, gidajen abinci da filayen wasa. Manyan gasannin ƙasa biyu na kwalejoji, NCAA da NIT, ba sa gayyatar kwalejojin baƙaƙe. A kakar 1943 zuwa 1944 Eagles wasa ɗaya kawai suka rasa, amma ba su da wata hanyar auna ƙarfinsu da ƙungiyoyin farare.

A ɗaya ɓangaren garin Durham akwai Jami'ar Duke, ta farare. Ɗaliban makarantar koyon likitancinta suna da ƙungiya mai ƙarfi wadda ta ƙunshi tsofaffin 'yan wasan jami'o'i. Wasu ɗaliban makarantun biyu sun saba haɗuwa a ɓoye a tarukan ƙungiyar YMCA, kuma a nan gardama ta taso kan wace ƙungiya ce ta fi. McLendon ya amince a buga wasa a zauren kwalejinsa ba tare da 'yan kallo ba.

An buga wasan ranar Lahadi, 12 ga watan Maris, 1944, da hantsi, lokacin da yawancin mutanen gari, har da 'yan sanda, suna coci. 'Yan Duke sun zo a motocin aro ta hanyoyin bayan gari, suka rufe kawunansu da riguna yayin shiga. Aka kulle ƙofofi, da alƙalin wasa da mai rubuta maki a ciki. A farkon wasa duka ɓangarorin biyu sun yi ta kuskure saboda fargaba, domin wasu daga cikin Eagles ba su taɓa gogayya da farar fata jiki da jiki ba. Da suka natsu sai saurin Eagles ya rinjayi baƙin, aka tashi 88 da 44. Bayan haka suka cakuɗa 'yan wasan, farare da baƙaƙe a kowane ɓangare, suka sake buga wani wasan.

Haɗarin da ke cikin lamarin ba ƙarami ba ne. Kwalejin ta dogara da kuɗin gwamnatin jiha, McLendon zai iya rasa aikinsa, 'yan wasan kuma za a iya kama su. Watanni huɗu bayan wasan, a watan Yulin 1944, wani direban motar haya a Durham ya harbe wani soja baƙar fata mai suna Booker T. Spicely bayan saɓani kan wurin zama, kuma masu taimaka wa alƙali, waɗanda dukkansu farare ne, suka wanke direban. Jaridar baƙaƙen fata ta garin, Carolina Times, ta samu labarin wasan amma ta yarda ta ƙi bugawa. Duniya ba ta ji labarin ba sai a 1996, lokacin da masanin tarihi Scott Ellsworth ya rubuta shi a mujallar New York Times. A 2015 ya fitar da littafi a kansa mai suna The Secret Game.

Neman gurbi a gasar ƙasa

Daga 1952 zuwa 1954 McLendon ya horar da ƙungiyar Hampton Institute a jihar Virginia. A waɗannan shekaru ya duƙufa kan neman a buɗe wa kwalejojin baƙaƙe ƙofar gasar ƙasa. Yana cikin jagororin wani kwamiti na koci da shugabannin wasanni na kwalejojin baƙaƙe da aka kafa a 1951 don wannan manufa. Hukumar NCAA ba ta ba su fuska ba a lokacin. Ɗaya hukumar, NAIA, wadda ke kula da ƙananan kwalejoji kuma take gasarta a Kansas City, ta fi sassauci. Tun a 1948 ta bar Clarence Walker, baƙar fata ɗan ƙungiyar Indiana State ta koci John Wooden, ya buga gasarta. A 1953 ta ware gurbi ga zakaran kwalejojin baƙaƙe, kuma Tennessee A&I ce ta fara cike gurbin.

A 1954, shekarar da Kotun Ƙolin Amurka ta haramta raba makarantun gwamnati bisa launin fata a shari'ar Brown da Hukumar Ilimi ta Topeka, McLendon ya koma Tennessee A&I da ke Nashville, wadda a yau ake kira Jami'ar Jihar Tennessee. A ƙarshen shekarar NAIA ta gayyaci ƙungiyarsa wata gasar buɗe kaka a Kansas City. McLendon ya gindaya sharaɗin cewa ba za su zo ba sai an sauke 'yan wasansa a otal ɗin tsakiyar gari inda sauran ƙungiyoyi ke sauka. Aka amince, kuma wannan ya buɗe otal-otal na tsakiyar birnin ga baƙaƙen fata. Ƙungiyar tasa ce ta ci gasar.

Kofuna uku a jere

A wancan lokaci gasar NAIA tana da wahala ta wata fuska: ƙungiyoyi 32 ne ke shiga, wanda aka ci ya fita, kuma duk a cikin mako guda ake gamawa. Mai son kofi sai ya ci wasa biyar cikin 'yan kwanaki. Wannan tsari ya dace da ƙungiyar da ta fi kowa juriya, kuma a nan horon McLendon ya nuna amfaninsa.

A 1957 Tennessee A&I ta doke Southeastern Oklahoma da maki 92 da 73 a wasan ƙarshe, ta zama kwalejin baƙaƙen fata ta farko da ta ci kofin ƙasa a gasar da ta haɗa farare da baƙaƙe. A 1958 ta doke Western Illinois 85 da 73, aka kuma zaɓi McLendon gwarzon kocin NAIA na shekarar. A 1959 ta doke Pacific Lutheran 97 da 87. Fitattun 'yan wasan ƙungiyar su ne Dick Barnett da John Barnhill, kuma dukkansu sun buga NBA daga baya. Barnett ya ci kofin NBA sau biyu da New York Knicks, a 1970 da 1973.

Wannan nasara ta zo shekara tara kafin Texas Western ta ci kofin NCAA a 1966 da baƙaƙe biyar a farkon wasa, lamarin da ya fi shahara a tarihi. Masu nazarin wasan suna ganin cewa nasarorin Tennessee A&I ne suka fara rushe iƙirarin da ake yi a lokacin cewa 'yan wasa baƙaƙe da kocinsu ba za su iya wasa mai tsari ba.

Cleveland Pipers

A 1959 McLendon ya karɓi ƙungiyar Cleveland Pipers, wadda ke buga gasar ƙungiyoyin kamfanoni ta NIBL. Ya taho da wasu tsofaffin 'yan wasansa na Tennessee, ya haɗa su da farare. A 1960 Pipers ta doke tawagar Amurka ta gasar Olamfik a wasan share fage, tawagar da ta ƙunshi Oscar Robertson da Jerry West da Jerry Lucas, wadda ta je Rum ta ɗauki zinare. A 1961 Pipers ta ci kofin NIBL da kuma kofin ƙasa na AAU. A wannan shekarar McLendon ya jagoranci tawagar Amurka zuwa Tarayyar Sobiyet don wasannin sada zumunci.

A kakar 1961 zuwa 1962 Pipers ta shiga sabuwar gasar ƙwararru ta ABL, wadda Abe Saperstein, mai ƙungiyar Harlem Globetrotters, ya kafa. Gasar ce ta fara amfani da layin jifa mai maki uku. Shigar Pipers ya mayar da McLendon ɗaya daga cikin baƙaƙen fata na farko da suka zama manyan koci a irin wannan gasa, shekara biyar kafin Bill Russell ya karɓi Boston Celtics a 1966. Sabon mai ƙungiyar shi ne George Steinbrenner, wanda daga baya ya sayi ƙungiyar ƙwallon gora ta New York Yankees. Ba su jitu ba, saboda yawan katsalandan da mai ƙungiyar ke yi a aikin koci da kuma jinkirin biyan albashin 'yan wasa. McLendon ya ajiye aiki a tsakiyar kaka. Bill Sharman ya gaje shi, kuma Pipers ta ci kofin ABL a ƙarshen kakar.

Kentucky State, Cleveland State da Denver

Bayan barin Pipers ya yi aikin koyar da ƙwallon kwando a kudu maso gabashin Asiya ƙarƙashin shirin Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka. Da ya dawo ya horar da Kentucky State, wata kwalejin baƙaƙen fata da ke Frankfort, har zuwa 1966. A shekarar ce Jami'ar Jihar Cleveland ta ɗauke shi, ya zama baƙar fata na farko da ya riƙe irin wannan muƙami a jami'ar da farare suka fi yawa. Jami'ar sabuwa ce, ba ta da kayan aiki sosai, kuma a shekara ukun da ya yi a can wasannin da ya rasa sun fi waɗanda ya ci.

A 1968 aka sa shi cikin masu taimaka wa koci Henry Iba a tawagar Amurka ta gasar Olamfik a birnin Meziko. Tawagar ta ɗauki zinare, kuma tauraronta shi ne wani matashi mai shekara 19, Spencer Haywood. A 1969 ƙungiyar Denver Rockets ta gasar ABA ta ɗauki McLendon koci, ta kuma ɗauki Haywood tun bai gama jami'a ba. Kakar ta fara da rashin sa'a, kuma bayan wasa 28, inda suka ci 9 suka rasa 19, aka sallami McLendon. A hannun magajinsa Joe Belmont ƙungiyar ta farfaɗo ta ƙare a saman rukuninta, Haywood kuma ya zama gwarzon gasar. McLendon yana da shekara 54 a lokacin, kuma bai sake riƙe wata ƙungiya a matsayin babban koci ba.

Salon horarwa

Ginshiƙin salon McLendon shi ne harin gaggawa. Da zarar ƙungiyarsa ta samu ƙwallo, ko ta hanyar ƙwacewa, ko bayan abokan hamayya sun jefa sun kuskure, ko ma bayan sun ci, kowane ɗan wasa ya san layin da zai bi a guje da wurin da zai tsaya. Burinsa shi ne a jefa ƙwallo a kwando cikin daƙiƙa takwas, kafin masu tsaron ɗaya ɓangaren su koma su daidaita. A wajen tsaro kuma 'yan wasansa kan matsa wa abokan hamayya tun daga ƙarƙashin kwandonsu har ƙarshen fili.

Irin wannan wasa yana cin ƙarfi, don haka ya ɗora shi a kan horon jiki mai tsanani. Kafin a fara kaka, duk mai son shiga ƙungiyarsa sai ya riƙa gudun mil uku kullum na tsawon makonni. Lissafinsa shi ne ƙungiyar da ta fi gwaninta ma za ta gaji a rabin lokaci na biyu idan aka hana ta numfashi.

Shi ne kuma ya fara tsara wata dabarar riƙe ƙwallo don cinye lokaci idan ƙungiya tana gaba, inda 'yan wasa ke bazuwa a kusurwoyin fili, mai iya tafiya da ƙwallo yana tsakiya. Dean Smith na Jami'ar North Carolina, wanda shi ma tsohon ɗalibin Kansas ne, ya shahara da wannan dabara da sunan kusurwa huɗu. Yawan amfani da irinta yana cikin dalilan da suka sa NCAA ta kawo agogon ƙayyade lokacin jifa a 1985. McLendon ya bayyana tsarinsa a littafinsa mai suna Fast Break Basketball, wanda ya fito a 1965.

Waɗanda suka yi wasa a hannunsa sun san shi da sanyin hali. Ba ya zagi, ba ya ɗaga murya a kan ɗan wasa ko alƙali, kuma yana matsa wa ɗalibansa su kammala karatunsu.

Ƙarshen rayuwa

Bayan Denver, McLendon ya yi kimanin shekara 20 yana wakiltar kamfanin takalma na Converse, yana zagaya ƙasashen duniya yana koyar da koci da matasa. A 1991 ya koma Jami'ar Jihar Cleveland a matsayin mai ba sashen wasanni shawara, yana kuma koyar da darasi kan tarihin wasanni da rawar da tsiraru suka taka a cikinsa. Yana kan wannan aiki har ya rasu a gidansa da ke Cleveland Heights, jihar Ohio, ranar 8 ga Oktoba, 1999, yana da shekara 84.

Karramawa

A 1979 aka shigar da McLendon Zauren Girmamawa na Naismith da ke Springfield, amma a rukunin waɗanda suka ba wasan gudummawa. Tsofaffin 'yan wasansa da abokan aikinsa da yawa sun ga cewa an rage masa matsayi, ganin ya ci kusan wasa 500 a kwalejoji da kofunan ƙasa uku. A 2016, shekara 17 bayan rasuwarsa, aka sake shigar da shi a rukunin koci, a shekarar da aka karrama Shaquille O'Neal da Allen Iverson da Yao Ming. A 2019 aka shigar da ƙungiyarsa ta Tennessee A&I ta 1957 zuwa 1959 zauren gaba ɗayanta, kuma a 2024 aka karɓi waɗanda suka rage a raye daga cikin 'yan ƙungiyar a fadar White House.

Zauren wasanni na Jami'ar North Carolina Central yana ɗauke da sunansa, McDougald-McLendon Arena. Akwai kuma gidauniya mai sunansa da ke ba ɗalibai daga tsirarun al'ummomi tallafin karatu a fannin gudanar da wasanni. Masanin tarihi Milton S. Katz ya rubuta tarihin rayuwarsa a littafin Breaking Through, wanda aka buga a 2007, sannan shirin Black Magic na tashar ESPN, wanda aka nuna a 2008, ya ba da labarinsa tare da na sauran koci da 'yan wasan kwalejojin baƙaƙen fata na zamaninsa.